Yadda Ake Jiran Mai Gyaran da Yake Hanya

Ka gyara zama, ka zo wurin da ya dace. Idan burinka shi ne ka bar gida tun bayan sallar asuba, tafiyar awa ɗaya a gabanka, awa biyu da rabi a hannunka, babur sabo fil, tanki cike, amma ka isa bayan an rufe ƙofa, to ga matakai na shimfiɗa maka. Ban aro su a wurin kowa ba. Ni Darmaji, daga wani ƙauye a bayan garin Sragen, ni na gwada su ɗaya bayan ɗaya ranar da na ɗauki 'yata Widuri zuwa birnin Solo don ta rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon jinya. Sau ɗaya ake yin jarrabawar a shekara, ƙarfe takwas daidai ake rufe ƙofa. Na ba ka tabbaci, in ka bi abin da zan faɗa ba ragi ba ƙari, abin da na samu shi za ka samu. In kuwa ka ga ka isa a kan lokaci, ka sake dubawa, akwai matakin da ka tsallake.

Mataki na ɗaya: Ka sayi babur marar kik

Wannan shi ne tushen aikin, kada ka yi wasa da shi. Tsohon babur ba ya ba da haɗin kai a wannan harka. Ko batirinsa ya mutu murus, da ka taka masa kik sau biyu sai ya yi tari ya tashi, ya ɓata maka shiri. Ka nemi irin na zamani, mai ƙiba, mai sheƙi, wanda ba giya ba kik, sai maɓalli ɗaya a ƙarƙashin babban yatsa.

Ranar da na je saye na zagaya shi sau biyu ina neman abin takawa ban gani ba. Mai sayarwa ya yi dariya, ya ce mutum irina da ya dawo daga ƙasar waje ai ya wuce tsayawa a titi yana dukan ƙarfe da ƙafa. Maganar ta shiga raina sosai. Ban sake tambayar komai ba har aka miƙo min takardu.

A cikin takardun za ka ga wani kati mai hoton mutum yana murmushi, riƙe da sifana. An rubuta cewa duk inda ka tsaya, dare ko rana, ka kira lambar nan za a zo. Ka sa shi a aljihun gaba. Ka riƙa fito da shi a teburin mai shayi ko ba a tambaye ka ba.

Mataki na biyu: Ka samar wa batir aikin yi

Batirin da ba ya komai sai tayar da inji zaman banza yake yi, kuma zaman banza ba ya yi wa kowa kyau. Ka ɗora masa shuɗiyar fitila a ƙarƙashin ciki, da hon mai kukan babbar mota, da wurin cajin waya guda biyu, ɗaya naka ɗaya na baƙo. Kada ka kai wa bakanike. Ka zauna ranar Lahadi a ƙofar gida inda maƙwabta za su gan ka, ka kunna bidiyon koyarwa a waya, ka kashe shi a rabi saboda ka riga ka gane sauran. In noti ɗaya a kan batir ya ƙi ɗauruwa, ka murza shi da yatsa ka rufe murfi. Abin da aka rufe a ƙarƙashin murfi ya zama tsakaninsa da Allah.

Mataki na uku: Ka saurari matarka, sannan ka yi abin da ka ga dama

Ana gobe jarrabawa, muna cin abincin yamma, matata Sumirah ta kawo shawara a hankali. Ta ce a bar yarinyar ta hau babbar bas ta biyar da rabi a bakin titi, wadda take hawa tun tana ƙarama duk lokacin da za ta birni.

"Pak, bas ɗin nan ba ta taɓa ba mu kunya ba," in ji ta. A wajenmu Pak ake ce wa magidanci, Bu kuma uwargida.

"Bu, bas ta waɗanda ubansu ba ya gari ce. Ni na dawo."

Ka lura da wannan amsa, ka haddace ta, domin ba ta barin ƙofa a buɗe. Sumirah ta dube ni, ta dubi 'yarta, ta ƙara min shinkafa.

A nan sai na gaya maka gaskiya, ko da yake gwani bai saba ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a Sabah, can ƙasar waje, ina sarar kwakwar manja a gonar wasu. Na bar Widuri haƙoranta na gaba sun faɗi, na dawo na tarar da budurwa tana gaishe ni kamar baƙo. Duk ranar karɓar sakamako, duk zazzaɓi, duk rana mai muhimmanci, a waya na gan su. Shekara uku ta yi tana shirin jarrabawar nan. Ta aro littattafai, ta auna jinin duk tsofaffin layinmu da na'urar aro, ta yi wa gwandar da ke bayan gidanmu allura har gwandar ta gaji. Ni kuma abu ɗaya nake so, ranar da za ta ba wani labari ta ce Bapak, babana, shi ne ya kai ni. Son nan ya cika min ciki har bai bar wa hankali wuri ba.

In kai ma kana da irin wannan a ranka, ka riƙe shi da kyau. Ya fi mataccen batir aiki.

Mataki na huɗu: Ka kashe inji a inda babu kowa

Kada ka bi babban titi. Babban titi cike yake da masu faci da bakanike da 'yan acaɓa, mutanen da ba su da aiki sai warware wa jama'a matsala. Ka tuno wata gajeriyar hanya da ka sani tun kana saurayi, wadda ta ratsa gonakin rake.

Mun fita biyar da rabi. Widuri ta kama hannun uwarta ta kai goshi, ta hau bayana da farar riga da baƙin siket kamar yadda takardar jarrabawa ta ce, katinta a cikin leda a ƙirji. Shida da minti goma muna tsakiyar rake, sai ga dutsen Lawu ya fito tsaf, rana na leƙowa ta kafaɗarsa. Na ce wannan hoto ne. Ta ce, Bapak, mu bari sai mun isa. Na ce a birni babu irin wannan hasken.

Ka tsaya. Ka kashe inji don kada ƙararsa ta shiga hoto. Ka tsayar da yarinyar a gefen babur yadda shi ma zai fito sosai, ka ɗauka sau shida, ka tura wa dangi duka da rubutun a taya mu da addu'a. Ka jira ka ga mutum uku sun amsa. Sannan ka hau, ka matse birki, ka danna maɓalli.

Za ka ji ya ce ƙat. Daga nan ba zai sake cewa komai ba.

Mataki na biyar: Ka nuna ka san abin da kake yi

Yarinya tana kallonka, saboda haka fuskarka ita ce farkon abin gyarawa. Ka ce, "Na san matsalar." Ka sake dannawa. Ka danna da ƙarfi, domin wani lokaci wuta tana so ta ga da gaske kake. Ka kashe ka kunna. Ka buɗe tanki ka leƙa man da kai ka cika jiya. Ka girgiza babur ɗin. Ka ƙwanƙwasa gefensa da yatsa ka kasa kunne, ka gyaɗa kai.

Bayan haka sai turi. Kowa ya san irin wannan babur ba ya tashi da turi, ni ma na sani, amma sanin abu bai hana gwada shi ba. Na hana Widuri taɓawa saboda farar riga. Na kama kai na ruga da shi, na yi tsalle na faɗa kan kujera, ya gangara da ni taku goma cikin natsuwa ya tsaya. Na yi haka sau uku. Wani manomi da ke can nesa ya ajiye fartanya ya zauna don ya ga ƙarshen abin.

Wurin batir yana ƙarƙashin ƙafarka, amma kada ka buɗe. In ka buɗe za ka ga aikin hannunka, kuma wannan ba lokacin zargin kai ba ne.

Mataki na shida: Ka fito da katin

Yanzu ranarsa ta zo. Ka zaro shi a hankali yadda yarinyar za ta ga ubanta mai tsari ne. Za a sa maka kiɗa na minti huɗu. Daga nan wata mai daddaɗar murya za ta tambayi lambar katin, da launin babur, da ko ka gwada danna maɓallin. Za ta tambayi inda kake. Na ce kusa da gonar rake. Ta ce duk gundumar gonar rake ce, Pak. Na tura mata wurin ta waya, ita kuma ta haɗa ni da ma'aikacinsu mafi kusa, wani Mas Gunadi.

Muryarsa ta kwantar min da hankali nan take. Ya ba ni haƙuri kamar shi ya kashe babur ɗin, ya tambayi lafiyar iyali. Na gaya masa maganar jarrabawa da ƙarfe takwas.

"Ina hanya, Pak. Minti goma sha biyar."

A bayan muryarsa ina jin ana kwara ruwa da moɗa. Kada ka bari irin wannan ya dame ka. Ka ce wa kanka yana wucewa ne ta gefen masu ban ruwa.

Ka san mutanenmu, ka san kanka. Mu ba ma ce wa mutum a'a, musamman wanda ya girme mu kuma yake cikin damuwa. Kalmar tana da kaifi, tana yanka mai faɗa da mai ji. In mutuminmu ya ce yana hanya, abin da yake nufi shi ne ya ji kukanka kuma yana yi maka fatan alheri. Ni da kaina na sha faɗa wa mutane haka ina kwance. Sirrin wannan mataki shi ne ka manta da duk wannan a ranar da kai ne mai jira.

Mataki na bakwai: Ka ƙi taimako, amma cikin ladabi

Wannan shi ne mataki mafi wuya, domin a hanyoyinmu ba a barin mutum a tsaye. Taimako zai yi ta zuwa, sai ka dage.

Ga hujjar da za ka riƙe. Bawan Allah ya baro gidansa da sassafe saboda kai. In ya iso ya tarar ba kowa, da wane ido za ka dube shi? Ya ƙona mai, ya bar karin kumallo, kai kuwa ka bi wani. Ba a yi wa mutum haka. Shi yana can yana yi maka kara ya kasa ce maka ba zai samu zuwa ba, kai kana nan kana yi masa kara ka kasa tafiya. In aka samu irin wannan haɗin kai, babu agogon da zai iya da ku.

Shida da minti arba'in ƙaramar bas ɗin 'yan kasuwa ta ɓullo, wadda sau ɗaya take bin hanyar da safe. Kwandasta ya rataya a ƙofa yana kiran Solo, Solo. Na ga ƙafar Widuri ta matsa taku ɗaya. Na ɗaga wa direba hannu na yi murmushi, alamar mun gode, a wuce. Na ce mata, Nduk, 'yata, bas ɗin nan tsaye-tsaye take yi, mu za mu riga ta isa. Ta mayar da ƙafarta inda take.

Na sake kiran Mas Gunadi. Ya ce ya kusa. A bayansa cokali yana zagaya cikin kofin gilashi. Na ce wa kaina wani ƙarfe ne yake kaɗawa a jakar kayan aikinsa.

Ƙarfe bakwai sai ga Yu Parti, mai yawo da kayan miya ƙauye-ƙauye, a kan wani tsohon babur da ya girmi 'yata, kwanduna biyu a baya cike da alayyafo da tempe, wato wainar waken soya, da busasshen kifi. Ta tsaya ba ta kashe inji ba. Ta dubi babur ɗina, ta dubi farar rigar Widuri, ta gane komai ba tare da an gaya mata ba. Ta ce rumfar Mbah Kromo bakanike tana bayan gada, bai kai kilomita biyu ba. In hau in riƙe kai, ita za ta yi min setut, ta kafa ƙafa a bayan babur ɗina ta tura mu har ƙofarsa, yarinyar kuma ta ɗosana a kan kwando.

Ka san ƙa'ida. In aka yi maka tayi na farko ka ce a'a, kada a ce dama jira kake. Na biyu ka ce kada a wahala. A na uku ne ake karɓa, ana cewa to tunda kin matsa. Na ce mun gode, Yu, mai gyara yana hanya. Ta ce a zo dai a tafi, Pak, yarinya tana da uzuri. Na dafa ƙirji na ce kada mu ɓata mata ciniki. Na buɗe baki ina jiran na uku, amsata tana kan harshe.

"To, Allah ya kawo shi," in ji ta.

Ta ja babur ɗinta ta tafi. Alayyafo ba ya jiran ƙa'ida, rana na tashi yana yaushi. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, a cikin a'ar tawa akwai wani abu ban da ladabi. Na hango kaina ina ratsa ƙauye a kan babur mai shuɗiyar fitila, silifas ɗin mai kayan miya a kafe a gindinsa, mutane na kallo daga teburin shayi. Hoton nan ya dame ni fiye da agogo.

Mataki na takwas: Ka ci gaba da kyautata zato

Bakwai da minti goma na kira na uku. Ya ɗauka da raɗa. Ya ce saura kaɗan, Pak. A bayansa muryoyin maza da yawa suna hailala a tare. Na ce wa Widuri ya biyo ta gefen masallaci, ke nan ya shigo yankinmu.

Ta zauna a kan hular kwanonta a bakin hanya, ta fito da takardar da ta rubuta sunayen ƙasusuwan jiki, tana dubawa tana motsa baki. Can sai ta ɗago.

"Bapak, bakwai da minti ashirin."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. A gidajenmu 'ya ba ta wuce nan da ubanta, kuma mu muka koya mata haka, muna alfahari. Da ta yi min tsawa a ranar, da ya fi min.

Mataki na tara: Ka yi abin da ya kamata, bayan lokacinsa ya wuce

Yanzu ka yarda. Ka juya hagu da dama kana neman wanda zai yi maka tayi ko sau ɗaya. Hanyar da ɗazu take ta kawo mutane za ta yi tsit, sai tirakta ɗaya ɗauke da rake, ita ma ta nufi inda ka fito.

Sai mu tura. Babur mai ƙiba yana da kyau a hoto, amma a kan tudun gada nauyinsa ya fi na saniya. Na yi ta nishi, gumi na shiga min ido. Ban san lokacin da nauyin ya ragu ba. Da na waiwaya sai na ga Widuri ta sa hannu biyu a baya tana turawa, kanta a ƙasa, ledar katin a tsakanin haƙoranta. Wannan karon ban hana ta ba.

Takwas saura minti goma muka isa rumfar. Mbah Kromo tsoho ne marar riga, sigari a bayan kunne. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗaga murfin da ke ƙarƙashin ƙafa, ya taɓa waya ɗaya ta motsa a hannunsa, ya ɗaure notin da sifana, ya fizge wayar shuɗiyar fitilar ya jefa a kwandon shara. Ya danna maɓalli. Injin ya tashi lafiya lau, ko tari bai yi ba. Duk aikin bai kai minti biyu ba.

Ya tambayi wanda ya yi min haɗin wayar. Na ce wani ne a can wajenmu. Ya ce to in daina kai masa. Muna hawa ya ƙara da cewa Yu Parti ta biyo ta gaya masa tun ɗazu, har ya fito da kayan aiki yana ta leƙen hanya, ya ɗauka mun samu wata dabara.

Mataki na goma: Ka yi gudu

Ba zai amfana komai ba, amma ka yi. Kilomita ashirin ba ta shiga minti takwas, ko da hon mai kukan babbar mota. Za ka tarar da cunkoson safe a bakin birni. Za a sauke maka shingen jirgin ƙasa, ka tsaya kana ƙirga taragu. Yarinyar za ta riƙe rigarka ta baya, sai ka ji a hankali ta saki.

Takwas da minti ashirin da biyar muka isa. Ƙofar ƙarfe a rufe. A ƙarƙashin bishiyoyi iyaye ne zaune suna fifita da takarda, yawancinsu mata da silifas, irin waɗanda suka zo a bas. Na roƙi maigadi. Na ba shi labarin batir, na nuna masa gumin rigar yarinyar, na ce masa shekara uku take shiri, laifin nawa ne, in akwai hukunci a yi min. Ya haɗa tafin hannunsa a ƙirji ya sunkuya, ya ce an riga an buɗe takardu, ba a shiga. Duk ranar shi kaɗai ne ya ce min a'a kai tsaye, kuma na so in rungume shi kamar yadda na so in shaƙe shi.

Widuri ta tsaya tana kallon tagogin bene na ɗan lokaci. Sannan ta sa katin a jaka, ta ɗaura hular kwano.

"Mu tafi, Bapak. Rana ta fara zafi."

Mataki na goma sha ɗaya: Ka ba mai gyara haƙuri

Ka koma ta hanyar da ka zo, domin ba ka da ƙarfin tunanin wata. Wajen goma da rabi, daidai inda na ɗauki hoto, muka tarar da mutum tsaye a rana da jakar kayan aiki, wandonsa duk jar laka har gwiwa. Mas Gunadi ne. Ya zo.

Ashe maƙwabcinsa ne ya rasu da asuba. Lokacin kirana na farko yana wanka ne zai fita gidan rasuwa. Shi da wasu suka haƙa kabari, aka yi salla, aka kai aka rufe. Ba zai iya barin unguwa ana cikin haka ba, kowa ya sani. Na tambaye shi, a hankali, me ya hana ya gaya min tun farko. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji muryata cike da damuwa, bai ga yadda zai ƙara min wata ba.

Me za ka ce wa mutumin da ya fito daga maƙabarta? Na yi masa ta'aziyya. Na ba shi haƙurin tafiyar da muka yi ba mu jira shi ba. Ya ce ba komai, Pak. Ya roƙi in danna masa taurari a waya don kada ofis su yi masa faɗa, na danna biyar. Ya juya wurin Widuri da fara'a ya tambaye ta yaya jarrabawa. Ta ce sai baɗi in Allah ya kai mu, Mas. Ya dube ni, ya ɗauki jakarsa.

Mataki na ƙarshe: Ka yi shiru

In ka kawo nan, saura ƙiris, kuma ba sai ka yi komai ba. Sumirah tana bakin ƙofa, ta dafa kaza saboda ranar. Da ganin fuskokinmu ta ajiye ludayi. Na sauka, na tattaro abin da ya rage min na mazantaka, na ja numfashi zan fara.

Widuri ta riga ni.

"Ibu, cikina ne ya juya a hanya. Na yi ta sa Bapak tsayawa, har muka makara. Ki yi haƙuri."

Uwar ta zauna a kan dakali. Ta yi kuka kaɗan, sannan ta fara faɗa, ba ta hana ta cin yajin nan jiya ba? Yarinya sai taurin kai, shekara uku ta zubar saboda cokali biyu na barkono. Widuri ta tsaya kanta a ƙasa tana cewa na tuba, Ibu. Daga baya uwar ta tashi ta dafa mata ruwan citta, ta shafa mata mai a ciki. Ni ma ta kawo min shayi, ta ce sannu, Pak, ka sha wahala da ita.

Na karɓa na sha. Matakin ke nan gaba ɗaya.

Sanarwa

Wanda ya rubuta wannan bai ɗauki alhakin komai ba. Duk abin da ya same ka bayan bin matakan nan, na jarrabawa ne, na jirgi ne, na ɗaurin aure ne, tsakaninka ne da batirinka. Kada a neme ni, kada a kira ni. Kamfanin katin ba shi da laifi, mutuminsu ya zo. Mas Gunadi ba shi da laifi, gawa ya kai. Ni ma, in ka tambayi duk layinmu, ba ni da laifi, har ana ba da misali da ni, uban da ya yi haƙuri da 'yarsa bai ce mata ko uffan ba.

Widuri tana ɗinkin wuyan riga a wata masana'anta yanzu, kafin shekara ta zagayo. Ƙawayenta biyu sun samu shiga, ta je ta taya su gwada fararen kaya. Kullum da safe tana kama hannuna ta kai goshi kafin ta fita, ba ta taɓa tayar da maganar ba ko da ido. Uwarta har yau ba ta barin ta taɓa yaji.

Saboda haka in ka san Sumirah, matar Darmaji, mai gidan da ke da gwanda a baya, kada ka nuna mata wannan takarda. Ko kuma ka kai mata ta karanta. Ni wata biyar ke nan ina zama kusa da ita bayan cin abinci, ina buɗe baki ina rufewa.